Kwikwiyo a Kwandon Dabino

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na shiga asibiti da kare a cikin kwandon dabino. Ni ɗin nan, da furfura a gemuna.

Lokacin ina aikin ban ruwa a wata gonar dabino a Awali, wata unguwa a Madina. 'Yata Maryama, mai shekara biyar, ta jawo butar shayi ta ƙone daga gwiwa zuwa idon sawu. Duk bayan kwana biyu sai mun je wankin ciwo, kuma duk zuwa sai mutum uku sun danne ta. Ni ne mai riƙe kafaɗu. Tana kallon tsakiyar idona tana cewa, "Baba, ka ce su bari." Ban taɓa cewa ba.

Wata rana likitan, wani Basudane mai yawan hira da ya yi karatu a ƙasar Turawa, ya ce mini a can har kare ake kawo wa yara su riƙa shafawa, sai hankalinsu ya bar kan ciwon. Shi hira yake yi yana naɗa bandeji. Ni kuwa na ɗauka magani ya rubuta mini. (A lokacin ko sunana ban iya karantawa ba, duk abin da ya fito daga bakin likita umarni ne a wurina.)

To, karyar da ke gadin gonar ta haihu, cikin 'ya'yan akwai wani ja mai farin goshi da Maryama ta sa wa suna Tamra, wato dabino da Larabci. Da na ce zan kai shi asibiti, maman Maryama ta ce in ji tsoron Allah, nan fa Madina ce. Na ce mata ai likita ne ya faɗa. Na sa shi a kwando, na rufe da tsumma, muka hau tasi.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne dabarar ta yi aiki. Na ajiye kwandon a gefen gado, ta zura hannu ciki. Ma'aikaciyar jinya ta ɓare tsohon bandeji, Maryama ta ɗan ja numfashi kawai, tana yi wa kwando raɗa. Ba wanda ya danne ta. Har matar ta ce masha Allah, wannan dabino akwai albarka.

Sai dabinon ya yi haushi.

Matar ta yar da almakashi ta yi waje. Kwikwiyo ya tsorata ya bi ta, ya faɗa ɗakin jira, ana dab da azahar, kowa da alwalarsa zai wuce Harami. Ya lashi ƙafar wani dattijo, ya tsuguna a gefen sallayar wani. Ni kuma ina rarrafe a ƙarƙashin benci ina kiran Tamra, Tamra. Wani ɗalibin jami'a ɗan ƙasarmu ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, a hankali, "Baba, ka zubar mana da mutunci a garin Manzo."

Da likita ya fito na ji sanyi a raina, na ce ga mai wanke ni. Na nuna shi na ce shi ne ya faɗa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Ya Hajj, na ce a can. Ban ce a nan ba."

Ni na wanke ɗakin jiran, sau bakwai, ɗaya da ƙasa, dattijon yana tsaye a kaina. Mai gona ya ji labari, ya sa aka kwashe 'yan kwikwiyon aka kai bayan gari. A unguwarmu har gobe in an ce Abu Kalb, wato uban kare, ba sai an tambayi wa ake nufi ba.

Sauran wankin kuwa yadda aka saba aka yi, mutum uku suna dannewa, ni a kafaɗu. Maryama ta daina roƙona in ce su bari. Tamra take kira.

Yanzu ina zuwa ajin manya, ina haɗa baƙi da kaina, har ga shi na rubuta wannan. Amma babban karatun a ƙarƙashin benci na same shi: in mai ilimi ya ba ni labarin abu mai kyau, kafin in ɗauki kwando sai na tambaye shi a wane gari ake yi.