Ɗaukakar Mushe Isufu

Duk Matameye babu mai ilmin kalmomi kamar Mushe Isufu, wato Malam Isufu, wanda ake wa kirari da Ƙamus Mai Tafiya. Na tabbatar da haka, domin ni ne shi, kuma ni na raɗa kirarin.

Shekara ashirin da shida yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ba a taɓa kiransa gaban taro ba, abin kuwa yana ci masa rai. Ko a wurin mai shayi ba ya da zance sai na kalmar ɗaukaka.

"Ku saurara, jahilai," in ji shi. "Asalinta ɗauka ne. A ɗauki mutum, a ƙara ɗaga shi sama. Ba a faɗinta sai ga Allah, sai kuma ɗaiɗaikun bayinsa." Sai ya gyara zaman hula.

Ana gobe bikin raba kyaututtuka, daraktan lakwal, Manu, ya turo masa saƙo a wayar salula: "Kujerar shugaban taro daukaka kai gaba."

Gwanin ya fassara nan take: kujera tasa ce, ɗaukaka ta zo, shi ne a gaba. Ya sa aka buga wa shaddarsa sitaci har tana tsayawa da kanta. Ya umarci matarsa Baiwa ta tara matan unguwa, su rangaɗa guɗa da zarar ya bayyana.

Washegari ya isa filin lakwal yana taku ɗaiɗai, sai ga darakta a fusace.

"Mushe, ina kujerar? Shugaban taro, Alhaji Idi mai hatsi, yana tsaye a rana!"

"Ai ni ne..."

"Ɗauka ka kai gaba, na ce! Ba kai ke da makullin ofis ba?"

Ashe ɗan yatsan darakta ne ya haɗe kalmomi biyu. Wallahi a lokacin na so ƙasa ta tsage in shige.

Haka Ƙamus ya fito da ƙatuwar kujera bisa kai, hula a hammata, gumi na jiƙa sitaci. Matan unguwa ba su san an canja magana ba, suka kaure da guɗa, ta Baiwa ta fi ta kowa ƙarfi. Alhaji Idi ya ɗaga musu hannu ya zauna.

Yanzu in na je shan shayi babu mai tambayata ma'anar komai. Gaisuwar ɗaya ce: "Mushe, ya wuyan?"