Rasuwar Sha-Kwana, Babur ɗin Malam Sodangi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haƙurin da ya zama dole, Malam Sodangi, tsohon malamin gona na Kankiya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar babur ɗinsa Sha-Kwana. Ya cika ran Lahadi da hantsi a bakin kasuwar Kusada, cikin kakar bana ta 1956.

Marigayin haifaffen Ingila ne. Ya zo ƙasar nan da wani Baturen gona, wanda da zai koma gida ya bar shi hannun Malam Sodangi. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare. Ba ya tashi sai an taka shi sau bakwai, ya yi tari, ya ce "tuf, tuf", sa'an nan ya saki murya har a ji shi a Kafin Soli. Bai taɓa tsegumi ba. Da Turai, matar Malam, ta rasu shekara huɗu da suka wuce, masu gaisuwa sun ci tuwo sun watse ran uku, marigayin kaɗai ya zauna a zaure bai tambayi yaushe za a sake aure ba.

Asalin ajalinsa Labaran ne, malamin auduga, wanda ya sayo sabon babur ja daga Kano. A gaban jama'a ya ce wai Sha-Kwana ya gama yayi, jakin kaya ma zai riga shi Kusada, gara a kai wa Gajere maƙeri ya fitar da fartanya. Malam ya jure a ce masa tsoho, amma bai iya jure a faɗa wa abokin zamansa haka ba. Aka sa ranar tsere, daga Kankiya zuwa Kusada.

Malam ya karanta a tsofaffin jaridun Baturen cewa can Turai tseren babur iri-iri ne. Wasu kan kwalta suke zagaye kamar masu neman abin da suka yar, wasu cikin taɓo, wasu hawan tudu, har akwai waɗanda gwaninsu shi ne wanda bai sa ƙafa ƙasa ba. Su sai sun gina wa kowane fili. Mu hanya ɗaya ta haɗa mana duka, ta ƙara da awaki.

Ran tsere, Labaran ya wuce gaba tun fitowa daga gari, babbar riga na kaɗawa. Marigayin bai yi gaggawa ba, don ya san inda rairayi yake kwance a kowane rafi. A rafi na biyu suka iske sabon babur ya nutse har gindi, mai shi na turi yana kiran sunayen waliyyai. Sha-Kwana ya bi ta gefen gonar gyaɗa ya wuce, bai ko yi masa oda ba, saboda ladabi.

Ya iso Kusada shi kaɗai, jikinsa na hayaƙi, mata na guɗa. A nan ne Bube, wanda ya yi shekara arba'in yana kiwon doki, tausayi ya kama shi. Ya ɗauko tulun ruwa mai sanyi ya ce, "Malam, dabbar da ta yi wannan gudu ba a barinta da zafi a jiki." Kafin Malam ya sauke ƙafa, ya juye shi duka kan injin. Marigayin ya ce "ƙas", sau ɗaya, a hankali. Makanikin da aka ɗauko daga Katsina ya duba tsagar da injin ya yi, ya cire hula, ya tambayi inda ake sayar da fura.

Ya rasu ya bar tayoyi biyu, ta baya da faci tara, da famfo, da sifana wadda ba ta taɓa dacewa da kowane noti nasa ba, da rabin galan na fetur. Ya kuma bar Malam Sodangi, wanda a shekara sittin da biyu zai koma koyon tafiya ƙasa.

Za a ɗauko gawa a amalanke ran Alhamis bayan la'asar, a kwantar da ita a zaure a rufe da tabarma. Babu salla, liman ya riga ya yi bayani da ɗan zafi. An yafe wa Bube, amma ya zo hannu sake. Gajere na iya zuwa gaisuwa muddin bai tsaya auna ƙarfe da ido ba.

Labaran kuwa ya aiko har sau biyu wai a gyara a sake karawa, don rairayi ne ya ci shi. Malam na sanar da shi cewa ba za a gyara ba. Marigayin ya tafi ba wanda ya taɓa riga shi Kusada, haka kuma zancen zai zauna. An keɓe wa Labaran wurin zama a sahu na biyu.