Rasuwar Rakodan Malam Zahir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta sunkuya wa kowa ba, Benafsha 'yar marigayi Malam Zahir take sanar da ɗalibanta da iyayensu mata a birnin Herat rasuwar Rakoda, da kaset guda da ke cikinsa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Murfinsa da zare aka ɗaure shi, ga cin batir kamar ba gobe. Amma a cikinsa muryar Malam Zahir take zaune, shekara bakwai bayan an kai shi makwanci. Tun Benafsha tana 'yar shekara tara ya naɗa mata darussan furta Turanci. Zai faɗi kalma a hankali, ya yi shiru don ta maimaita, sannan ya ce, "Madalla, 'yata." Ko an faɗa daidai, ko an kwafsa, sai ya ce madalla.

Da aka rufe makarantun 'yan mata, aka mayar da Benafsha gida saura shekara guda ta gama jami'a, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta kakkaɓe Rakoda, ta buɗe ajin ɗinki. Mutum biyu suna taka keke da ƙarfi don a ji daga titi, sha biyar suna zaune da madubi a hannu, suna koyon sa harshe tsakanin haƙora don furta "th" ɗin Turanci. Khala Zarghuna, ƙanwar mahaifiyarta, takan leƙo ta ce, "Kai, Benafsha-jan! Wannan karatu ne ko karnuka ne ƙishi ya kama? Ku mayar da harsunan nan ciki kafin ƙuda ya sauka!" Shekara uku ana haka, 'yan matan da ba su taɓa ganin Malam ba duk ya kira su 'yata.

Ciwon ajalinsa ya fara ranar Litinin da la'asar. Wasu maza uku daga hukuma suka buga ƙofa. Benafsha ta sunkuci Rakoda ta jefa shi cikin tanderun gurasa da ke tsakar gida, ta rufe. Suka duba ko'ina, suka ƙirga madubai, suka ce ɗinki ba ya bukatar madubi goma sha biyar, daga yau an rufe ajin. A cikin ruɗani ta manta ba ta gaya wa kowa maɓoyar ba. Da safe Khala ta hura wuta.

An zaro shi da ransa, gefe guda ya narke. 'Yan matan da suka zo ɗaukar kayansu suka kewaye shi. Benafsha ta danna. Muryar mahaifinta ta fito a ja, da kauri, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Kalma ɗaya ya faɗa: "Thursday." Suka maimaita baki ɗaya, harshe a inda ya dace. Suka jira madalla. Kaset ya ci gaba da juyawa, babu komai a ciki sai huci, har ya tsaya. Har yanzu Benafsha takan tsinci kanta a ɗakin ajin, ta karkata kunne.

Ya bar ɗalibai goma sha bakwai, keke biyu da ba su da abin rufawa, da Khala wadda ta daina cin gurasa. Ya bar Benafsha, wadda ta haddace kowane darasi har da wuraren da Malam yake tari, amma ba ta taɓa tsayawa ta faɗe su da bakinta ba.

Za a naɗe shi cikin tsohon rawanin Malam, a ajiye shi ƙarƙashin bishiyar rumman ranar Alhamis bayan azahar. Masu cewa an huta, ba a gayyace su ba. An hana ɗinki, amma ba a hana mata zuwa ta'aziyya ba tukuna. Kowa ta zo da baƙin mayafi, ta bar madubi a gida, gilashin taga ya isa. Benafsha ce za ta karɓi gaisuwa, da ƙarfe takwas na safe, kowace Asabar da Talata. Zaman makoki zai tashi ranar da aka buɗe makarantu.