Ƙararrawar Maƙwabci

Wani ne a can Belgrave, bayan garin Melbourne, gindin duwatsun Dandenong. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna haɗuwa a layin kantin magani. Tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne da ya yi ritaya. Tsofaffin unguwa kowa da abin da ya kama, wani kamun kifi, wani noman tumatir. Shi kuwa gogan naku kunne ya kama. A cewarsa mu duk ji kawai muke yi, shi kaɗai ne mai saurare.

Ya ƙwace ɗakin baƙi, ya liƙe bangon da soso, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada motsin gida ya shigo masa. Kujera ɗaya tak a tsakiya. Taga kaɗai yake bari a buɗe, ta wajen daji, saboda injin ƙara sautinsa irin mai kwalabe ne, zafi yake kamar gidan burodi.

Kada ku ɗauka kiɗa yake ji. Faifai ɗaya ne, na busar sarewa, shi ma farkonsa kawai. Sarewa ta hau, ta sauko, a taɓa tsirkiya sau ɗaya, sai shiru. Da an kai shirun nan sai ya ɗage allura ya mayar baya. Kullum da yamma haka, shekara da shekaru. Na taɓa tambayarsa yadda waƙar ta ƙare. Ya harare ni ya ce shi ba ɗan rawa ba ne.

Matarsa Noelene, baiwar Allah, haƙurinta har haushi yake ba ni. Ta dafa abinci ta ƙwanƙwasa, ya ce yanzu. Ya huce, ta ɗumama ta ƙwanƙwasa, ya ce yanzu. Ta ce masa wani abu na tone mata shukoki a bayan gida, ya ce uhm. Abu ɗaya ta roƙa a duniya, tirelar tafi-da-gidanka da suka daɗe suna tanadi kafin su saya. Tana nan fake a gefen gida, an lulluɓe ta da tamfol. Alkawarin shi ne bana, da sanyi ya kankama, za su ɗaura ta a mota su yi arewa, su zaga ƙasar nan daga Cairns har Broome. Har labule ta ɗinka mata.

Wata safiya ya fito baranda da kofin shayi. Sai ya ji sarewa daga wajen katangar maƙwabcinsa Manolis, tsohon mai suyar kifi da dankali, wanda ba sa ga maciji tun da reshen bishiya ya faɗo kan katangar aka rasa wanda zai gyara. Sarewarsa ce sak. Ta hau, ta sauko, aka taɓa tsirkiya, sai shiru. A cikin shirun nan sai ga wata 'yar ƙararrawa, siririya, tas da ita: tin.

Shayi ya zube masa a silifa.

"Noelene, kin ji abin da na ji?"

"Na ji. Ai wannan..."

"Yi shiru, kina ɓata shirun."

Ta koma haɗa akwati, don za ta je Hobart wajen yayarta ta yi kwanaki kafin babbar tafiya.

Ya ruga ɗaki ya sa faifansa. Sarewa, tsirkiya, shiru. Babu ƙararrawa. Ya wanke faifai, ya wanke allura, ya wanke kunne. Babu ita. Wato mai suyar kifi ya sayi faifai irin nasa, ya sayi kayan sautin da ke fito da abin da shi sarkin saurare bai taɓa sanin yana ciki ba. Kuma yana kunnawa da sassafe don ya ci masa fuska. Barci ya ƙaurace wa mutumin naku.

Ana nan sai ga baje kolin kayan sauti a wani otal cikin Melbourne. Kun san yadda ake yi. A fitar da gadaje daga ɗakuna a jera lasifika, tsofaffi masu sanƙo su yi ta bin ɗaki ɗaki, su zauna su rufe ido suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ya rungumi faifansa ya shiga jirgin ƙasa.

A hawa na sama ya faɗa ɗakin wani dillali, Fergus, mai 'yar shara da tattausar murya. Lasifika biyu a tsaye, kowace ta fi firji tsawo, sababbin fitowa, ranar aka yaye musu mayafi.

"Kayanka na fito da ƙararrawa?" in ji gogan.

"Wace ƙararrawa, ranka ya daɗe?"

"Ta cikin shiru. Bayan tsirkiya."

Fergus ya dubi faifan, ya dubi agogon hannun mutumin, ya dubi takalminsa. Tsuntsu daga sama gasasshe.

"Au, wannan ƙararrawar. Yallaɓai, tun safe nake tsaye a nan, kai ne mutum na farko da ya san da ita. Zauna a kujerar tsakiya."

Aka sa faifai. Ɗaki ya yi tsit. Sarewa ta hau, ta sauko, tsirkiya, shiru. Babu ko tin ɗin ƙuda.

Wani tsoho a layin baya ya sauke ajiyar zuciya. "Kai, ƙararrawar nan. Can hagu take, bayan mai sarewa kaɗan."

"Dama dai," in ji na kusa da shi. "Kuma ta tagulla ce."

"Tagulla a ina? Azurfa ce, mutumina. Ka je a duba maka kunne."

Gumi ya karyo wa gogan naku. Ɗaki guda kowa ya ji sai shi.

"Kai fa, yallaɓai?" in ji Fergus.

"Na ji ta. Sama-sama."

"Madalla. Ka san wutar otal ba ta da tsafta, kuma lasifikan ɗanyu ne, ba su nuna ba. Ka kai su gida, ka bar su suna kiɗa dare da rana har su nuna. Za ka ji ƙararrawar, ka ji hannun da ya kaɗa ta, ka ji ma ko mai hannun na mura."

"Za su doke na maƙwabcina?"

"Me maƙwabcin yake yi?"

"Suyar kifi."

"Yallaɓai, kada ka zage ni."

Ya raɗa masa farashi a kunne. Wannan dai kunnen ya ji shi sarai. Mutumin naku ya jingina da bango, ya lumshe ido, sai tamfol ɗin gefen gida ya faɗo masa a rai. Kafin mako ya zagayo an ja tirela an tafi da ita. Ƙanin matata ne ya saya, shi ya sa na san zancen. Ya ce labulen ma kaɗai abin kallo ne.

Aka kawo kaya. Sai da aka cire ƙofar ɗaki kafin su shiga. Wayoyin kaurinsu ya kai tiyon ban ruwa, kuma ba a yarda su taɓa ƙasa ba, kowace an ɗora ta kan 'yan kujerunta na katako. Ya bar lasifika suna ta kiɗa har gwangwanayen kicin na rawa. Sannan ya yi wanka, ya zauna a kujerar tsakiya, ya sa faifansa.

Sarewa, tsirkiya, shiru.

Da safe ya fito baranda idonsa jawur. Daga wajen katanga: sarewa, tsirkiya, tin.

Ya buga wa Fergus waya ya ce ko dai ya hauro dutsen nan yau, ko shi ya sauko masa da lasifikan a ka. Fergus ya zo. Suka tsaya a baranda cikin sanyi. Ba su daɗe ba aka soma. Fergus ya karkata kai, ya kama haɓa, ya rufe ido ɗaya.

"Ka ce kifi yake soyawa?"

"Da dankali."

"An yi maka ƙarya, yallaɓai. Wannan aikin Japan ne, irin mai ƙaho, wanda wani tsoho ke sassaƙawa da hannu. Ji iskar da ke zagaye da sarewar. Ji yadda sautin ke yawo, ɗazu yana gindin katanga, yanzu ya matsa wajen bishiya."

"Yawo kuma?"

"Alamar kaya masu tsada ke nan. Zan iya yi maka odarsu. Gidan nan naka ne ko haya?"

Abin ya kai intaha. Gogan naku ya haɗiye girman kansa, ya ɗauki kwalbar giya mai kyau, ya ja Fergus suka ƙwanƙwasa wa Manolis. Tsohon ya fito da singileti, riƙe da wata rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba, yana sauraron tseren dawaki.

"Maƙwabci, na zo sulhu. Katangar ni zan gyara. Ka nuna mini su kawai."

"In nuna maka wa?"

"Lasifikanka."

Manolis ya ɗaga rediyon.

"Bar wasa, dattijo. Sarewar da kake kunnawa kullum da safe."

Manolis ya tsaya yana kallonsa. Ya karɓi kwalbar tukuna, don shi ba wawa ba ne. Sannan ya ce su biyo shi, amma su taka a hankali. Suka ratsa bayan gida, suka wuce itacen lemo, har ƙarshen katanga inda daji ya fara. Can bisa wani tudun ruɓaɓɓen ganye ga tsuntsun nan mai kwaikwayo, wanda hotonsa ke jikin senti goma. Ya kifo doguwar wutsiyarsa bisa kai, yana tono da ƙafa. Ya buɗe baki. Sarewa ta hau, ta sauko, tsirkiya, shiru, tin. Ya ɗora da kukan ƙaramin kare, ya caki tsutsa ya haɗiye.

"Ga aikin Japan," in ji Manolis. "Ɗalibinka ne. Kafin ka fara buɗe tagar nan, injin yankan katako yake kwaikwayo. Mun fi samun barci a lokacin."

Fergus ya shiga duba farcensa.

Wani zai ji kunya ya koma gida. Ban da mutumin naku. Ya tsaya yana kaɗa yatsa.

"Tsaya. Tsuntsun nan ba ya ƙirƙira, abin da ya ji yake maimaitawa. Sarewa a tagata ya ji ta. Tsirkiya a tagata. To ƙararrawa fa? Ita ma a gidana ya ji ta. Ke nan tana cikin faifan."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Fergus, rai ya dawo masa. "Kunnen tsuntsu na kama sautin da ya fi siriri. Akwai wata ƙaramar lasifika da ake ɗorawa a saman manyan..."

Sai suka ji tsayuwar mota. Ta saman katanga suka hango Noelene ta sauko daga tasi. Ta tsaya a gefen gida, inda ciyawa ta yi fari daidai faɗin tirela, ga tamfol an ninke an ajiye. Ta daɗe tana kallon wurin. Ni dai tausayinta ya kama ni ko da aka ba ni labari.

"Maigida, ina tirelata?"

"Tana nan, ba ta je ko'ina ba." Ya nuna gidan da haɓa. "Tana ɗakin baƙi. A tsaye. Guda biyu."

Ta sunkuya ta yi wa mai tasi magana, ya kashe mota ya zauna jira, akwatinta na ciki. Ta shiga gida, ta wuce kicin, ta buɗe tagar da ke kallon daji.

Tsuntsu ya gama da tsutsarsa ya sake ɗaukowa daga farko. Sarewa ta hau, ta sauko, tsirkiya, shiru. Kafin ya kai ga tasa, sai aka riga shi daga cikin gida.

Tin.

Gogan naku ya damƙi hannun Fergus, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Ka ji? Daga gidana ta fito. Sun nuna, Fergus, lasifikan sun nuna! Azurfa ce, tsohon nan na otal ya yi gaskiya."

Noelene ta buɗe na'urar ɗumama abinci, ta fito da faranti yana tururi, ta dangwarar da shi a bakin taga. Ta rataya jakarta a kafaɗa.

"Abincinka ne, maigida. Shekara da shekaru tana kiranka kullum da yamma, tsuntsu ne kaɗai ya amsa."