Rasuwar Robar Kan Ladidi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da ba ni da niyyar haɗiyewa, ni Mudi Haladu na Maska nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar robar da ke cikin kan 'yata Ladidi. Ta rasu ranar Talata a ɗakin tiyata a Zariya, tana da shekara shida a bakin aiki, bayan jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Ga wanda bai san marigayiya ba, siririya ce, fara, mai laushi. Ta zo gidanmu Ladidi tana jaririya, lokacin da ruwa ya taru mata a ƙwaƙwalwa, kanta na ta girma, idanu sun kafe ƙasa, hula ba ta shiga. Likita ya huda ƙoƙon kai, ya zura bakin robar cikin kogon da ruwan ke kwanciya, ya bi da sauran ta bayan kunne, ƙarƙashin fata, ta wuya, har cikin ciki, inda ruwan zai tsiyaye jiki ya shanye. Ya ce mana duk aikin yana ga wannan bakin: in ya gota kaɗan ya toshe, in ya zarce ya taɓa abin da ba a taɓawa. Sau ɗaya ya zura, ta zauna daram. Duk hoton da aka ɗauka daga baya a nan ake samun ta.

Baiwar Allah ce marar surutu. Ban taɓa jin muryarta ba, sai dai in ka ɗora yatsa bayan kunnen yarinya ka ji ɗan tudu kamar ƙwayar wake. Ba ta taɓa neman abinci ba, ba ta taɓa yaji ba. A hannunta Ladidi ta zauna, ta miƙe, ta shiga Islamiyya, ta koyi tsiwa, har ta fara bina gona tsinkar auduga tana zubar da rabi a hanya.

Ciwon ajalinta kuwa yana da suna, kuma zan faɗa. Ladidi ta kwanta da zazzaɓin damina, ni ina Dandume sayen taki, uwarta Sa'adiya ta leƙa kemis. Sai ga yayana Shitu. Ya shafa wuyan yarinya, ya ji robar a ƙarƙashin fata, ya yanke hukunci cewa jijiya ce ta cika da mataccen jini. Yaya Shitu ya san da robar nan sarai. Shi ne tun ranar farko yake yawo majalisa majalisa yana cewa ba a sa wa ɗan Adam tiyo a kai kamar injin ban ruwa. Ya ɗora Ladidi a babur, sai wajen Bature wanzami.

Shi kuma Bature, Allah wadaran hannu mai gaggawa, ko tambaya bai yi ba. Da askar da ya yi wa rabin gari aski ya tsaga wuyan 'yata, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Da ya ga wani farin abu ya leƙo, maimakon ya tsaya, sai ya ja shi da farce ya ga ko tsutsa ce. Suka shafe wurin da toka, suka naɗa mata mayafi, suka dawo da ita shiru. Sai wajen wanka uwarta ta gani. Kafin mu farga ƙwayar cuta ta bi robar ta hau har kai. Amai, barci, sai ga Ladidi tana kallon uwarta kamar baƙuwa. Muka garzaya Zariya, likita ya ce robar ta kamu, dole a cire ta.

Marigayiya ta bar Ladidi, wadda ke kwance har yanzu. Ta bar Sa'adiya, wadda ta daina cin abinci. Ta bar ni. Ta bar wata ƙanwa, robar wucin gadi da ke rataye a gefen gado tana ɗigar da gurɓataccen ruwa daga kan Ladidi. Ba za a sa magajiya ba sai ruwan ya washe, kuma likita bai ɓoye mana ba: kogon ya tsuke, ciwo ya bar tabo, samun daidai a karo na biyu ba kamar na farko ba ne. Tsoro nake ji, wallahi.

Masu bugo waya suna cewa in yi haƙuri ƙaddara ce, na gode. Na yarda da ƙaddara tun kafin a haifi wasunku. Amma ba ƙaddara ce ta wasa aska ba. Masu cewa kuma ai yayana ne, taimako ya yi niyya, ku riƙe gaisuwarku.

Na roƙi likita ya ba ni gawar, tana nan cikin kwalba. Ba wanka, ba salla, roba ce. Za a binne ta ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan gidanmu da ke Maska. Ba a gayyaci Bature ba. Yaya Shitu kuwa dole ya zo da fartanyarsa, domin shi zai haƙa ramin da hannunsa. Ƙarami zai haƙa. Ya kuma roƙi Allah a tsaya a ƙaramin, domin in aka buƙaci babba, shi ma shi zai haƙa.