Baƙin Bayan La'asar

Wani ne a unguwar Briqueterie cikin Yaoundé, tela, shagonsa yana cikin lungun nan da hayaƙin masu gasa soya, wato tsire, ke shiga tun kafin azahar. Mutum ne mai son gaisuwa. In ya kama hannunka da safe, sai ka ce kana da uzuri, in ba haka ba sai ya tambayi lafiyar kowa naka har surukan maƙwabcinka.

Wata rana ya je kasuwar Mokolo ya sayo sabuwar waya mai faɗin fuska. Maƙwabcinsa Siddiƙ, mai gasa soya a bakin titi, ya karɓa ya jujjuya ta.

"Wannan ai wayar wasa ce," in ji Siddiƙ. "Kawo in sa maka irin wanda nake yi."

Ya sa masa wani wasan intanet. A ba ka fili, ka gina gari, ka yi noma, ka cika rumbuna, ka tara mayaƙa. Ya nuna masa wata garkuwa mai haske da ta kife a kan garin kamar kwando a kan 'yan tsaki.

"Wannan ta sabon shiga ce. Muddin tana nan, ba mai taɓa ka."

"Wannan fa, da rubutu ke gudu kamar ruwan kwata ranar da aka yi marka?"

"Global ke nan. Dandalin hira ne, duk masu wasan nan na duniya suna ciki. Akwai mutanen kirki, akwai 'yan iska. Kai dai kada ka shiga sai ka iya wasan."

"Haba Siddiƙ. Mutum ya sauka a gari bai gai da mutanen gari ba? Ba haka aka rene ni ba."

"Ni dai na faɗa maka."

Siddiƙ ya tari taksi ya tafi unguwar Madagascar wajen sunan ɗan ƙanwarsa. Tela ya ture keken ɗinki gefe, ya gyara zama, ya shiga global.

Ya rubuta: "Assalamu alaikum jama'a. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Kafin ya ƙifta ido rubutun wasu ya tura nasa sama ya ɓace. Ga Faransanci, ga Turanci, ga Larabci, ga wani rubutu kamar kaza ta taka tawada. Ya ce ƙila ba su ji ba. Ya sake. Ya kuma sakewa.

Ashe wasan yana da abin fassara, shi kuma ya isar da gaisuwar yadda ya ga dama. Ya gaya wa duniya cewa ga wani nan yana barci, kuma ya gaji. Sai wani ya amsa da Faransanci: "To ka je ka kwanta mana. Me ya kawo ka nan?"

Wani kuma ya rubuta kalma ɗaya: "noob," wato sabon shiga da bai iya komai ba. Wani ya maimaita. Nan da nan mutum biyar sun rubuta.

Tela ya kawo wayar kusa da ido. "Nub. Nub. Au, Nuhu suke nufi."

Ya amsa musu: "Ba Nuhu ba ne. Nuhu ƙanin babana ne, yana Garoua. Amma zan isar masa da gaisuwarku."

Ana cikin haka wata mai suna Hadija ta rubuto masa da Faransanci, gajere, ba ado: kada ya cire garkuwa, kada ya gaya wa kowa inda garinsa yake, ya fara gina ganuwa.

Ran tela ya ɓaci. Ba sallama, ba ina kwana, sai umarni kamar ɗan sanda a mararraba.

"Baiwar Allah, a fara da gaisuwa."

Ta rubuto: "Bonjour. Kada ka cire garkuwa."

"Gaisuwar da aka roƙa ba gaisuwa ba ce," in ji tela, ya kau da kai.

Sai ga wani rubutu da Hausa tsantsa.

"Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da zuwa. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya kasuwa? Yaya muka ji da jama'a?"

Tela ya ji wani sanyi har cikin ƙashi. Bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara ba. Ya duba sunan mutumin, ya ga ya sa wa kansa Kura. Ya ce ba komai, ai ko a unguwar akwai wanda ake ce wa Mai Gaskiya, kuma kowa ya san halinsa.

Suka yi gaisuwa har ta ishe su. Sannan Kura ya ce, "Alhaji, al'adarmu a nan, in baƙo ya sauka sai mun kawo masa ziyara. Ina garin naka yake?"

"Briqueterie, cikin Yaoundé. In kun sauka daga taksi ku bi hayaƙin soya, ku tambayi tela. Kowa ya san ni."

"Madalla. Akwai wasu lambobi a saman garin naka cikin waya. Turo mini su, don kada mu ɓata."

Ya tura.

"Sai kuma garkuwar nan, Alhaji. Dattijo irinka ya kulle ƙofa baƙi na tafe?"

Kunya ta kama tela. "Wallahi ba ni na sa ba, maƙwabcina ne. Yaro ne, ka yi haƙuri."

Ya danna ya cire. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce i. Ta sake tambaya. Ya ce, "Ikon Allah, yanzu har waya ke koya wa mutum rowa." Hadija ta rubuto "NON" da manyan baƙaƙe har sau uku. Ya yi kamar bai gani ba.

"Ku nawa ne za ku zo?"

"Ba mu da yawa, Alhaji. Ni da yarana, ba mu fi ɗari uku ba."

Tela ya san ɗari uku sun fi ƙarfin gidansa. Amma namiji ba ya ce wa baƙo ya rage tawaga. "Me kuka fi son ci?"

"Kada ka wahalar da kanka. Abin da muka tarar a rumbu shi ke nan, da kanmu ma za mu ɗiba. Sai bayan la'asar in Allah ya yarda."

Tela ya ja ƙofar shago ya yi gida da sassarfa. Matarsa Jaratu tana tsintar wake a tsakar gida.

"Jaratu, ajiye wannan. Ɗora babbar tukunya. Buhun shinkafar nan, duka."

"Wa ya haihu?"

"Baƙi ne za mu yi. Daga global."

"Ina ne kuma global? Bayan Ngaoundéré?"

"Gaba da nan sosai."

"Su nawa?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye faifai a hankali, ta dube shi, ta dubi tsakar gidan.

"Maigida, gidan da in na shanya zane sai maƙwabta sun sunkuya kafin su wuce? A ina za su zauna, a kan rufi?"

"Ke dai dafa. Mutanen kirki ne. Ki ji gaisuwa, kamar a Kano aka haife su."

"Ka taɓa ganin su?"

"Sai ka ga mutum za ka san ɗan mutunci ne?"

Jaratu ta zaga gidaje ta aro tukwane. Shi kuma ya bi mahauta ya kwashe abin da ya rage a tebur, har da ƙafa da tumbi. Daga nan ya wuce masallacin lungunsu wajen liman, Malam Babba, neman aron tabarmi.

"Waɗanne irin baƙi ne?" in ji Malam Babba.

"Manyan mutane ne, Malam. Daga ƙasashen waje."

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Wasu suka ce 'yan kasuwa ne daga Dubai. Wasu suka ce malamai ne daga Najeriya. Wata tsohuwa ta rantse ta ji an ce za a raba kekunan ɗinki kyauta. Aka share lungu, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar tela har bakin kwalta. Masu babur suka yi ta zage-zage don an tare musu hanya.

Aka sallame la'asar. Tela ya tsaya a bakin titi cikin babbar riga, ya sha turare. Duk taksin da ya rage gudu sai ya matsa da murmushi, sai ya ga wata mata ce da buhun rogo. Wayar tana ta karkarwa a aljihunsa, bai kula ba, kada baƙi su iso su same shi yana danne-danne.

Can sai wani taksi ya tsaya daidai gabansa. Siddiƙ ya fito. Ya ga tabarmi, ya ga jama'a zaune jugum, ya cire hula.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Baƙina nake jira." Ya kwashe labari ya gaya masa, har da rashin ladabin Hadija.

"Ba ni wayar."

Siddiƙ ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juya masa fuskarta.

"Baƙinka ai sun iso. Ga su nan."

Garin yana ci da wuta. Wasu 'yan mitsi-mitsin mutane kamar tururuwa suna fita daga rumbuna da buhuna a ka.

"Waɗannan 'yan ƙananan?"

"Su ne ɗari ukun."

"To ba za su fito su zauna ba?"

"Daga ina za su fito? Mayaƙansa ne na cikin wasa. Ka ba shi adireshi, ka buɗe masa ƙofa, ya kwashe ka tas."

Sai ga saƙon Kura ya faɗo: "Mun gode da karamci, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. In rumbu ya sake cika za mu leƙo. A gai da iyali."

A ƙasansa ga na Hadija. Ta aiko masa da katako da hatsi daga nata garin, ta jera masa yadda zai kashe wutar ya sake gini.

"Ka gani?" in ji Siddiƙ. "Wannan ita ce ta so ka da alheri tun safe."

Tela ya leƙa. "Har yanzu ba ta yi sallama ba."

Jama'a dai da suka ji babu Dubai babu keken ɗinki, suka ce shinkafa ba ta yi laifi ba. Aka fito da faranti. Masu baburan da suka yi zagi ma suka ajiye babura suka wanke hannu. Jaratu ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi tana kallon abincin wata guda yana tafiya loma-loma.

"Maigida, na gobe fa? A rumbun wayar za ka ɗebo mana?"

"Shi ma sun kwashe," in ji tela a hankali.

Ya zauna a gefen tabarma, kusa da Malam Babba, wanda babbar rigarsa ke rataye a shagon tela tun kafin azumi, hannu ɗaya kawai aka ɗinka. Siddiƙ ya tsuguna yana nuna masa inda ake toshe mutum.

"Danna nan. Ba za ka sake jin ɗuriyar ɓarawon nan ba."

Tela ya janye wayar.

"A'a, a bar shi. Ɓarawo ne, na yarda. Amma a faɗi gaskiya ko a kan maƙiyi. Mutumin nan ya ce bayan la'asar, kuma ana sallame salla ya iso. A zamanin nan ina za ka sami mai cika alkawari haka?"

Malam Babba ya ɗago kai daga faranti, ya lashe yatsa.

"Tunda kuna hira, tambayar mini shi ko yana ɗinki."