Dankalin da Ya Ƙare a Ganye

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so, da daminar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ya miƙa mini gonarmu ta dankali a Kahu. Gero bai yi ba a shekarar, ita kaɗai muka zuba wa ido.

Lokacin na dawo daga kwalejin aikin gona, kaina na hayaƙi. Abu ɗaya na riƙe daga aji: ganye ne madafar shuka, nan take dafa abincinta da hasken rana. (Inda abincin ke tafiya bayan an dafa kuwa, ina jin ranar na yi fashi.) Na ce to, a yawaita madafa mana! Na dinga antaya wa kunyoyi takin yuriya.

Baba daga kan tabarma ya ce, "Kai, dankali ba ya son gata. Rage takin nan."

Na ce, "Baba, wannan ai noman da ne." Allah ya yafe mini.

Gona ta yi kore shar, har 'yan acaɓa masu zuwa Rano kan tsaya su kalla. Da lokacin tono ya yi na kira gayya, Inna ta karkaɗe ragowar hatsin rumbu ta tuƙa wa mutane tuwo.

Malam Sule, aminin Baba, shi ya fara sa fartanya. Ya zaro wata saiwa siririya kamar ɗan yatsa. Na ce, "Gefe ne, ku shiga tsakiya." Wayyo, tsakiyar ta fi muni! 

Malam Sule ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka ƙosar da dankalin ya manta da ajiya. Duk abin da ganye ya dafa, sabon ganye ne ya cinye. Ƙasa ba ta samu ko loma ba."

Da sun yi mini dariya da ya fi sauƙi. Aka kawo tuwo, kowa ya ce wai a ƙoshe yake, a mayar wa yara. Ni na ɗauko akusan a rufe zuwa gida, na wuce ta gaban Baba. Da ganinsu, bango kawai ya juya ya fuskanta. Har yau wannan juyin na ci mini rai.

Yanzu ko barkono zan dasa sai na durƙusa na tambayi tsoho. Ganyen gonar nan kuwa dabbobi muka zuba wa. Rabin ilimi dai awaki kaɗai yake ciyarwa.